Diyyar Raunin Ƙwaƙwalwa: Wa Ke Riƙe da Ma'auni?

Steve Thompson ya ci kofin duniya na zari-ruga da Ingila a 2003, amma ya ce ba ya tuna wasan. Yana cikin ɗaruruwan tsofaffin 'yan wasa da suka kai hukumomin wasan ƙara a Landan, bisa zargin sakaci wajen kare su daga girgizar ƙwaƙwalwa. Mai son hasashen makomar wannan shari'a, sai ya dubi Amurka.

A 2002, likita ɗan Najeriya Bennet Omalu ya binciki gawar Mike Webster, tsohon ɗan wasan ƙwallon Amurka, ya gano cutar CTE, wadda ake dangantawa da yawan buguwar kai. Likitocin kwamitin hukumar NFL suka nemi a janye rahotonsa, ba a janye ba. Daga bisani 'yan wasa sama da 4,500 suka kai ƙara, NFL ta amince da dala miliyan 765 a 2013, sannan aka cire iyakar kuɗin kafin kotu ta amince da sulhun a 2015. Hukumar ba ta amsa laifi ba.

Gizo ya yi saƙa ne wajen rabo. Karayar ƙafa tana fitowa a hoto, raguwar tunani kuwa sai an gwada ta da yadda mutum yake tun asali. Ma'aunin da aka yi amfani da shi ya ɗauka cewa baƙar fata tun farko tunaninsa bai kai na Bature ba, don haka sai ya nuna lalacewa mafi muni kafin a biya shi. Wannan wariya ce a rigar likita, a gasar da akasarin 'yan wasanta baƙaƙe ne. Sai da Kevin Henry da Najeh Davenport suka ƙalubalanci tsarin a 2020, kafin NFL ta yi alkawarin dainawa a 2021.

Akwai wani tarkon. Ba a tabbatar da CTE sai bayan mutuwa, sulhun kuma ya tanadi har dala miliyan 4 ne ga iyalan waɗanda suka rasu da ita kafin amincewar kotu kawai. Wanda ya rasu bayan Afrilun 2015, ko an ga cutar ƙarara a ƙwaƙwalwarsa, iyalansa ba su da ko sisi a wannan babi.