Mai gwajin tsaron kwamfuta ba ya buƙatar hoton fuskar kowa

A garuruwa irin su Bonkuku, hedikwatar ƙaramar hukumar Imanan da ke yankin Filinge, inda intanet kan zo ta ɗauke, takardun aiki da yawa a cikin filash suke yawo, wato abin da mu a Nijar muke kira kile. Malamin makaranta zai kawo sunayen ɗalibai, ma'aikacin ƙungiyar agaji ya kawo rahoto, a karɓa a soka a kwamfuta ba tare da wata tambaya ba.

Sai dai akwai na'urar da siffarta ta kile ce, amma da an soka ta sai ta shaida wa kwamfuta cewa ita allon rubutu ce. Ita kuwa kwamfuta ba ta tuhumar allon rubutu, duk abin da ya buga ɗauka take mai ita ne ya buga. Cikin 'yan daƙiƙoƙi na'urar za ta zuba umarnin da aka ɗura mata, har da na kunna kyamarar da ke saman allon a ɗauki wanda ke zaune. Kamfanin Hak5 na Amurka yana sayar da irinta mai suna Rubber Ducky ga masu gwajin tsaro. A 2014 wasu masana biyu daga Jamus, Karsten Nohl da Jakob Lell, suka nuna a taron Black Hat cewa ko kile na kasuwa ana iya juya masa ƙwaƙwalwa ya yi wannan aiki. A farkon 2022 hukumar FBI ta yi gargaɗin cewa gungun FIN7 na aika wa kamfanoni irin waɗannan na'urori ta gidan waya.

Ba na cikin masu cewa a hana matasanmu koyon wannan fasaha. Muna buƙatarsu matuƙa, domin ofishin magajin gari da ke riƙe da takardun haihuwar dubban mutane gara masani ya nuna masa ɓarakar da ke bangonsa kafin ɓarawo ya gano ta. A wani binciken da aka wallafa a 2016, masu bincike sun zubar da kile 297 a harabar Jami'ar Illinois, kusan rabinsu aka tsinta aka soka a kwamfuta. A cikin jami'a ke nan fa.

Inda nake ja da masu wannan sana'a shi ne ɗokin da wasunsu ke yi na gyara umarnin ɗaukar hoto: ya ƙara sauri, ya ɓoye tagar da ke buɗewa, kada mai kwamfuta ya farga. Don me? Idan manufar ita ce a tabbatar wa shugaban ofis cewa ana iya shiga na'urarsa, ya isa a sa ta rubuta layi ɗaya a kan allo. Hujja ta samu. Hoton sakatariyar da ta sauke mayafi tana shan iska, ko na ma'aikacin da ya tafi da kwamfuta gida cikin iyalinsa, bai ƙara wa rahoton komai ba. Izinin da shugaba ya sa wa hannu na na'urar ofis ne, bai haɗa da mutuncin ma'aikata ba. A ƙasar Kurfai, inda kowa ya san gidan su kowa, hoto ɗaya da ya faɗa WhatsApp ya isa ya kashe aure.

Dokar yaƙi da laifukan intanet mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yuli 2019 ta haramta shiga na'urar wani ba da izini ba. Mu 'yan jarida mun fi saninta ta wata fuskar, tun tsare Samira Sabou a 2020, amma irin wannan kutse ne asalin aikinta. Ya kamata hukumar kare bayanan sirrin jama'a ta HAPDP ta fitar da samfurin yarjejeniyar gwaji da zai fayyace kwamfutocin da za a taɓa, da ranakun, da wanda zai goge bayanan bayan an gama, kuma ya ce kyamara da makirufo ba sa ciki sai da sa hannun mai zama a gabansu.

Kafin nan, ofisoshin Bonkuku da Filinge za su iya ware tsohuwar kwamfuta guda, wadda ba ta haɗe da sauran, don karɓar kile daga waje. Kyamara kuma a manna mata ɗan salatif, kamar yadda aka gani a kwamfutar Mark Zuckerberg a wani hoto na 2016.