Ƙudan zumarmu na da juriya, amma a gwada cututtukansu tun da wuri

A farkon shekarar 2025, manyan masu kiwon zuma na Amurka sun yi asarar kimanin kashi 60 cikin 100 na gidajen zumarsu. Da masana na ma'aikatar noman ƙasar suka binciki matattun ƙudajen, sai suka tarar da ƙwayoyin cutar bairos jibge a jikinsu, musamman wadda ke nakasa fukafukai, ana kiranta DWV. Wata 'yar mitsitsiyar kaska mai suna Varroa ce ke yaɗa ta, kuma kaskar ta daina jin maganin da aka saba kashe ta da shi.

Mai amya a Zariya ko Maraɗi zai iya cewa ina ruwansa. Yana da hujja. Ƙudan zuman Afirka sun fi na Turai jure wannan kaska. Ta shiga Afirka ta Kudu a 1997, an gano ta a Kenya a 2009, masu bincike sun same ta a Najeriya ma, amma ba a ga irin mutuwar da ake gani a Amurka ba. Sai dai juriya ba ta hana kamuwa, kuma bairos ɗin ba ya tsayawa a kama ɗaya.

Abin da ya faru a tsibiran Hawai ya isa darasi. Kafin kaskar ta isa can a 2007, DWV na nan iri-iri a jikin ƙudaje ƙalilan, ba ya wata ɓarna. Binciken da Stephen Martin ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2012, ya nuna cewa bayan zuwan kaskar cutar ta tashi daga kusan kashi 10 zuwa kusan kowane gidan zuma, kuma nau'i guda ya danne sauran. Daga baya wani nau'in, DWV-B, ya yi ta ture na farkon, DWV-A, a Turai da Amurka.

A nan matsalar gwaji take. Na'urar PCR, wadda muka san ta lokacin korona, tana neman wani ɗan guntun ƙwayar halittar bairos ne da aka tsara mata. Idan aka tsara ta da nau'in A, za ta iya wuce nau'in B ta ce babu komai. Idan kuma muka dogara da tsarin da aka yi bisa bairos na Jamus ko Amurka, babu tabbacin zai kama wanda ke cikin amyar da ke rataye a kan kuka ko ɗorawa a garuruwanmu. Sai mun tattara samfuri daga namu ƙudajen, mun karanta ƙwayoyin halittar cututtukansu, kafin mu amince da sakamako.

Wani zai ce mutane ba su samu asibiti ba, sai ƙuda? Ba sabon gini ake nema ba. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom tana aiki tun 1924, jami'o'inmu na da sassan likitancin dabbobi, kuma korona ta bar na'urorin PCR a jihohi da dama. Abin da ake buƙata shi ne malaman gona su riƙa karɓar samfuri daga masu amya kowace shekara. Ta haka ne za a bambance zumar da feshin maganin ƙwari ya kashe da wadda cuta ta kashe.

Hukumar NAQS mai tantance dabbobi da tsirrai a kan iyaka ita ma ta sa ido kan masu shigo da sarauniyar zuma daga waje da sunan kiwon zamani. Ostireliya, duk da tsaurinta, ta ga kaskar a tashar ruwan Newcastle a watan Yunin 2022, ta ƙone dubban gidajen zuma, sannan a Satumban 2023 ta haƙura da yunƙurin kawar da ita.

Asarar ba ta tsaya ga kwalbar zuma ba. Riɗi, kankana, mangwaro da kaɗanya duk suna amfana da ziyarar ƙudan zuma a furanninsu. Mai amyar da ya ga ƙudaje na rarrafe a ƙofa da lanƙwasassun fukafukai, ya kamata ya san ofishin da zai kai su.