Kira Ga Gwamnatin Jihar Kebbi Kan Ƙofofin Da Ake Tokarewa Da Dutse

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kebbi, Dakta Nasir Idris, Kauran Gwandu, ta hannun Kwamishinan Ayyuka da Shugaban Ma'aikatan Jiha.



Ranka ya daɗe, mu mutanen Gwadangaji muna godiya da aikin sabuwar sakatariyar jiha, wadda ta daɗe a tsaye muna wucewa ta gabanta safe da yamma, har Allah ya sa gwamnatinka ta sake ɗora hannu a kanta. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta, 1991, ma'aikatanta ke fatan samun mazauni irin wannan. Koken da na kawo ƙarami ne, ƙila ma shi ne mafi ƙanƙanta cikin takardun da za su hau teburinka a wannan mako. Magana ce ta ƙofa, da abin da ke riƙe ta a buɗe.

Gine-ginen zamani, ofisoshi da asibitoci da bankuna, sun zo mana da ƙofa mai rufe kanta. A saman ƙyauren akwai ɗan akwatin ƙarfe mai hannu kamar gwiwa, a wasu ƙofofin gilashi kuma an binne shi a daɓe. Cikin akwatin akwai sifirin da mai. In mutum ya tura ƙofa ya matse sifirin, in ya sake ta sifirin ya mayar da ita, man kuma yana bi ta ƙananan kafofi yana rage mata gudu don kada ta bugu. Abu ne mai amfani: yana tsare sanyin ɗaki, yana hana ƙura da ƙuda da hayaniya, yana kuma tare hayaƙi ranar da Allah ya kawo gobara.

Sai dai wanda ya ƙera ta bai zauna Birnin Kebbi a watan Afrilu ba. Zafi ya haura digiri 40, wuta ta ɗauke, na'urar sanyaya ɗaki ta yi shiru, man janareto kuwa ba kullum ba. Wa zai zauna cikin ɗaki a rufe? Dole a buɗe ƙofa iska ta ratsa, ita kuma ƙofar ba ta san zama a buɗe ba. Sai masinja ya fita ya samo dutse ko rabin bulo. Wani ya naɗe kwali ya cusa a ƙasa, wani ya jawo kujera, wani ya ɗaure mariƙin da igiya a jikin taga. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne mai ciro tukunyar kashe gobara daga bango ya tokare ƙofa da ita, don ita ce abu mai nauyi mafi kusa. Duk wanda ke shiga gine-ginen jama'a a ƙasar nan ya ga wannan. Ban kawo ƙarar masinja ba, ranka ya daɗe. An ba shi ƙofa ba a ba shi matokari ba, ya yi dabarar da ya iya.

Amma dabarar tana cin kuɗin gwamnati a hankali. Na'urar tana jan ƙyauren daga sama, dutse ya riƙe shi daga ƙasa, ƙyauren ya yini a murɗe. Bayan 'yan watanni sai ya karkace, ya daina shiga gidansa, makulli ya daina kamawa. Dutsen ya kankare tayil, ya ɓare fenti, in gilashi ne wata rana ya tsage. Mafi ɓarna shi ne sanda ko guntun katako da ake cusawa ta wajen hinji, tsakanin ƙyaure da madogararsa. Nan ƙarfin ƙofar gaba ɗaya yake taruwa wuri guda, ya tumɓuke kusoshi. Daga nan sai a kira kafinta, shi kuma mafi sauƙin aiki a wurinsa shi ne ya kwance hannun na'urar ya bar shi yana reto. An biya kuɗin ƙofa mai rufe kanta, an koma ƙofar da ba ta rufuwa ko an tura ta.

Alhali abin da ake bukata yana kasuwa, kuma mafi yawansa ba tsada. Akwai ƙugiyar ƙarfe da ake kafawa a bango, a maƙala ta a jikin ƙofa. Akwai matokari mai kan roba da ake ɗaurewa a gindin ƙyaure, a sauke shi da ƙafa, a ɗaga shi da ƙafa. Akwai na maganaɗisu da ake kafawa a daɓe ko a bango, ƙofa ta je ta manne. Wanda ya fi su duka tsari shi ne na'urar da aka ƙera hannunta da mariƙi a ciki: in an tura ƙofa ta kai kusurwar da aka saita, galibi digiri 90, sai ta tsaya cak, in an ɗan jawo ta sai ta saki ta rufe kanta. Fifikonsa shi ne yana riƙe ƙofar daga inda ake jan ta, don haka ƙyaure ba ya murɗewa. Ƙugiya da matokarin ƙafa kuwa masu waldarmu na Birnin Kebbi da Argungu da Jega za su ƙera su ba tare da an je ko'ina ba, muddin an ba su awo da irin ƙarfen da ake so.

To, da maganar a nan ta tsaya, da ban dami Mai Girma Gwamna ba, da daraktan mulki na kowace ma'aikata ya isa. Abin da ya sa na hauro sama shi ne akwai ƙofofin da bai halatta a riƙe su a buɗe ba, ko da dutse ko da ƙugiyar zinariya. Ƙofar matakalar bene, da ta ɗakin janareto, da ta ɗakin wayoyin lantarki, da ta sito, da ta ɗakin ajiye fayil, da ta ɗakin girki, aikinsu shi ne su tsaya tsakanin wuta da mutane. A gobarar gini hayaƙi ne ke riga harshen wuta isa ga mutum, kuma matakala ita ce hanyarsa ta hawa sama. Ita ce kuma hanyar da mutanen sama za su bi su sauko.

Ranar 9 ga Janairu, 2022, wuta ta tashi a wani bene mai hawa 19 a unguwar Bronx ta birnin New York a Amurka. Na'urar ɗumama ɗaki ce ta haddasa ta a hawa na uku. Wutar kanta ba ta yi nisa ba. Amma ƙofar gidan da ta tashi, wadda ya kamata ta rufe kanta bayan masu gidan sun gudu, ta tsaya a buɗe, haka ma wata ƙofar matakala a hawa na 15. Hayaƙi ya cika benen. Mutum 17 suka rasu, 8 daga cikinsu yara, kuma hayaƙi ne ya kashe su duka. Mafi yawansu 'yan'uwanmu ne Musulmi 'yan asalin Gambiya, Allah ya jiƙan su. Kafin wannan, a gobarar benen Grenfell da ke Landan ranar 14 ga Yuni, 2017, inda mutum 72 suka mutu, binciken da gwamnatin Birtaniya ta sa aka yi ya gano cewa na'urorin rufe ƙofofi da yawa sun lalace ko an cire su, abin da ya ba hayaƙi hanya. Mu ma gobara ba baƙuwa ba ce a wurinmu; 'yan kasuwa ba su manta da wadda ta cinye babbar kasuwar Birnin Kebbi a Maris na 2016 ba. A da gine-ginenmu na ƙasa ne, kowa na iya fita ta taga. Yanzu mun fara hawa sama, da tarin takardu da wayoyi da kwamfutoci.

Saboda haka roƙona na farko, wanda duk sauran suka rataya a kansa, shi ne a rarrabe ƙofofin. A sa injiniyoyin Ma'aikatar Ayyuka su zaga tare da jami'an kashe gobara na jiha, ƙofa bayan ƙofa, su ware wadda za a iya bari a buɗe da wadda dole ta zauna a rufe. Ta farko a sa mata mariƙi na ƙwarai. Ta biyu a liƙa mata alama mai launi, a rubuta da Hausa da Turanci, da ajami ma in ya samu, cewa ƙofar gobara ce, kada a tokare ta. Yanzu ba wanda ya san bambancin, kuma ba laifinsa ba ne, don a ido duk ƙofa ƙofa ce.

Na san za a ce akwai ƙofar gobara da ke kan hanyar da ba ta rabuwa da mutane, kamar barandar asibiti inda ake tura gadon marar lafiya dare da rana. Alama kaɗai ba za ta hana a tokare irin wannan ba. Maƙera sun yi mata magani iri uku, kuma ba dukansu suka dace da mu ba. Akwai mai ɗan guntun ƙarfe da ke narkewa in zafi ya kai wajen digiri 74, ƙofa ta saki ta rufe. Ba ya bukatar lantarki, wannan ya burge ni, amma yana jiran zafi ne, hayaƙi kuwa ya riga ya wuce kafin ƙarfen ya narke. Ya yi daidai da sito, bai dace da matakala ba. Akwai na maganaɗisun lantarki da ake haɗawa da ƙararrawar gobara, ƙararrawa na kaɗawa ya saki ƙofar. Shi ne mafi inganci, sai dai yana sakin ƙofa duk lokacin da wutarsa ta yanke, a nan kuwa sau nawa ke nan a yini? In ba a haɗa shi da batir ko hasken rana ba, mako guda ya isa ma'aikata su gaji su koma ga dutsensu. Na uku mai batir ne a jikinsa, ana taka shi da ƙafa, yana sauraron kukan ƙararrawa ya ɗage da kansa. Shi kuma sai ginin na da ƙararrawa mai aiki, da wanda zai tuna ya sauya batir. Zaɓi na injiniyoyi ne. Abin da nake roƙo shi ne kada a saya wa gini abin da ya dogara da wutar da ba ta zama.

Akwai kuma mutanen da ƙofa mai rufe kanta ke wahalarwa kullum, ba sai ranar gobara ba. Dattijo ɗan fansho da ya zo tantancewa da sandarsa, da mai keken guragu, da makaho, da mace mai goyo riƙe da fayil. Hannu ɗaya na tura ƙofa, ƙofa na turo shi. Dokar hana nuna bambanci ga masu bukata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara yadda kowa zai iya shiga, wa'adin kuma ya cika a Janairun 2024. Mun fi lura da gangaren da ake yi wa keke a bakin gini. Amma me gangare ya amfana in a ƙarshensa akwai ƙofar da mai keke ba zai iya buɗewa ba? A Amurka ƙa'ida ta ce ƙarfin buɗe ƙofar cikin gini kada ya wuce nauyin kilo 2 da 'yan kai, kuma ta ɗauki aƙalla daƙiƙa 5 kafin ta kusa rufuwa. A Turai an raba ƙarfin na'urorin daga lamba 1 zuwa 7 gwargwadon faɗi da nauyin ƙyaure. A wurinmu sau da yawa abin da ɗan kwangila ya samu a shago shi yake ɗaurawa, ƙaramar ƙofa ta sami na'urar babbar ƙofa, sai ƙato ya sa kafaɗa. Ina roƙon babbar ƙofar shiga kowace ma'aikata da ke karɓar jama'a ta kasance mai tsayawa a buɗe a lokutan aiki, kuma ranar zagayen a gayyaci ƙungiyar masu bukata ta musamman ta jiha su gwada da hannunsu. Za su nuna abin da injiniya mai ƙafa biyu ba zai gani ba.

Sai batun kulawa, inda muka fi rauni. Man da ke cikin na'urar yana tsinkewa da zafin bazara, ƙofa ta riƙa bugawa da ƙarfi har ta kama yatsa. Da sanyin hunturu kuma ya yi kauri, ta riƙa jan jiki ta tsaya ba ta kama ba, ga ƙura ta cika mahaɗai. Gyaran bai wuce juya ƙananan sukurori biyu ba, sau biyu a shekara, farkon zafi da farkon sanyi. Amma wanda bai sani ba in ya kwance su da yawa mai ya tsiyaye, na'ura ta mutu. Muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a nan Birnin Kebbi, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jiha a Aliero. Kwas na 'yan kwanaki ya isa a horar da kafintoci da masu aikin gilashi da ke cikin ma'aikatan gwamnati, a ba kowane gini mutum guda da littafin da zai riƙa rubuta ranar da ya duba kowace ƙofa. A kuma ware musu ɗan abin sayen kayan gyara a kasafin kula da gini, don kada sukuru guda ya jira takarda ta zaga ofis biyar.

Hausawa sun ce tun ran gini, tun ran zane. Gine-ginen da ake yi yanzu da waɗanda za a bayar nan gaba, asibitoci da makarantu da masaukan baƙin bikin kamun kifi na Argungu, a rubuta a takardar kwangila irin na'ura da irin mariƙin da kowace ƙofa za ta samu, kada a biya kuɗin ƙarshe sai an gwada su ɗaya bayan ɗaya a gaban jami'in kashe gobara. Ita kuma sabuwar sakatariya a fara da ita tun ƙyamarenta na miƙe, tayil ɗinta bai ji rauni ba. Tsofaffin gine-gine su biyo baya, a soma da asibitoci irin su Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da manyan asibitocin ƙananan hukumomi, domin a nan ne ake da mutanen da ba za su iya gudu ba.

Abu ɗaya ne ba ya bukatar kasafi ko kwamiti. Takardar umarni guda daga ofishin Shugaban Ma'aikata ta isa a mayar da kowace tukunyar kashe gobara kan maratayinta a bango, a kuma hana tokare ƙofar matakala da komai. Ina roƙon a fitar da ita kafin zafi mai zuwa ya shigo.

Allah ya taimaki Gwamna, ya yi masa jagora, ya kare jiharmu daga gobara da sauran masifu.

Naka mai biyayya,
wani mazaunin Gwadangaji, Birnin Kebbi.