Sabuwar shekarar Sinawa: daren da kowane kwano ke magana

Kowace shekara, tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, ƴan kasuwar Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai masu sayo haja daga ƙasar Sin sukan ci karo da abu guda: masana'antu sun tsaya, dillalan Gwanzu da na Yiwu sun kulle shagunansu, wanda kuma bai ba da odar kayansa da wuri ba sai ya yi jiran mako biyu ko uku, wani zubin har wata. Abin da ke tsayar da wannan babbar ƙasa cik, in an bi diddigi, kalacin dare ɗaya ne. Sinawa na kiransa niyanyefan, wato cimakar daren ƙarshen shekara, kuma babu wani zama da iyali ke yi a shekara da ya kai shi daraja a wurinsu.

Bukin kansa sunansa Cunjiye, bukin shigowar bazara. Kalandar gargajiya ta Sinawa tana bin wata, amma suna ƙara wata na goma sha uku sau bakwai cikin shekara 19, don haka bukin ba ya zagaya lokutan shekara kamar azumi da salla. Kullum yana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. A 2025 ya zo ran 29 ga Janairu, a 2026 kuma ran 17 ga Fabrairu. Cikin Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Tsawon kwana 40 kewayen bukin jiragen ƙasa da motoci ba su da masaka tsinke, domin leburan masana'anta da babban ma'aikaci duk sun ɗau hanyar garin iyaye. Zumunta a ƙafa take, in ji Bahaushe. Basine kuwa ya ƙara da cewa a bakin akushi take ƙarewa.

Mai son gane wannan tebur sai ya fara da harshe. Sinanci cike yake da kalmomi masu sauti ɗaya da ma'ana daban, kamar yadda Hausa ke da kuka na ido da kuka ta miya, ko gari na zama da gari na tuwo. Bahaushe ya mai da irin wannan abin wasa da kacici-kacici. Basine ya mai da shi fata. Duk abincin da sunansa ya yi kama da wata kalmar alheri, sai a kawo shi bisa tebur a daren, ya zama kamar an furta fatan da baki.

Sarkin teburin shi ne kifi. Sunansa yu, kuma kalmar rara, wato abin da ya saura bayan an ƙoshi, ita ma yu ce. A kudancin ƙasar ana turara shi sukutum, da kai da wutsiya, da yankakkiyar citta da lawashi, sannan a kwarara masa miyar waken suya da tafasasshen mai. Barinsa sukutum na nufin shekarar ta yi kyakkyawan farko da kyakkyawan ƙarshe. Ana juya kansa ya fuskanci dattijon gida ko babban baƙo, kuma ba mai kai hannu sai shi ya fara. A garuruwan masunta na bakin teku ba a kifa shi don a ci ɗaya gefen, sai dai a ɗage ƙashin, saboda kifa kifi ya yi kama da kifewar jirgi. Babbar ƙa'ida ita ce ba a cinye shi: dole a bar saura ya kwana, ya tsallaka daga tsohuwar shekara zuwa sabuwa. Manomin da ya san amfanin rumbun tsimi ba ya bukatar tafinta a nan.

Ƙasar Sin ta kasu biyu wajen cimaka. Arewa da kogin Huwai da duwatsun Cinlin alkama ce ke mulki, kudu da su kuwa shinkafa. Mutumin arewa, irin na Bejin, bai yi buki ba in bai ci jawzi ba. Ana kwaɓa garin alkama, a murza shi faifai-faifai kamar tafin hannun yaro, a zuba niƙaƙƙen nama da shu ko ganyen albasa a tsakiya, a naɗe, a matse bakin, a jefa cikin tafasasshen ruwa, a ci da ruwan tsami da tafarnuwa. Siffarsa ta ɗauko ta curin azurfa da ake ciniki da shi zamanin sarakunan Sin, shi ya sa ake cewa mai cinsa yana cusa dukiya cikin gida. Wasu sukan ɓoye tsabar kuɗi cikin guda ɗaya, wanda ya tauno ta shi ne mai sa'ar shekara. Ana cinsa da tsakar dare, daidai lokacin da shekara ke miƙa wa shekara hannu. Amma darajar jawzi ta fi yawa wajen yinsa: kaka na murzawa, uwa na naɗewa, jikoki na ɓatawa ana dariya, har a cika faranti da ɗaruruwa. Abincin ba na jiya ba ne, domin masu tonon tarihi sun iske busassunsa cikin kaburburan Astana kusa da Turfan, na zamanin daular Tang, wadda ta yi mulki daga 618 zuwa 907.

Kudu kuwa niyangaw ne ke riƙe da wannan matsayi. Ana yinsa da garin shinkafa mai danƙo. A lardin Gwandon ana haɗa shi da jan sukari a turara har ya yi kama da nakiya, a wajen Shanghai kuma fari ne, ana yanka shi a soya da ganye da nama. Niyan na nufin shekara, yana kuma nufin danƙo. Gaw na nufin waina, yana kuma nufin sama. Fatan dai shi ne bana ta fi bara: ɗan kasuwa ribarsa ta hau, ma'aikaci ya samu ƙarin girma, yaro ya ƙara tsawo ya wuce aji.

Sauran kwanoni kowane da saƙonsa. Kaza ana kawo ta ɗungum, da kai da ƙafafu, alamar iyali bai ragu ba. Taliya ana barinta da tsawonta, ba a yanka ta, don ta tsaya a madadin tsawon rai. Naɗaɗɗen ɓawon alkama da ake soyawa har ya yi ja-ja-ja ana kamanta shi da sandunan zinariya. Lemu kuwa a harshen mutanen Gwandon sunansa ɗaya da zinariya. A daren goma sha biyar, ranar bukin fitilu da ke rufe shagalin, ana cin tanyuwan, ƙananan curi na shinkafa mai danƙo da ake cusa wa niƙaƙƙen riɗi ko gyaɗa, waɗanda sunansu da kewayensu ke nuna haɗuwar dangi. Ƙasar Sin na cikin manyan masu sayen riɗin Afirka, har da na Nijar, ke nan gumin manomin nan ma yana da ɗan rabo cikin tukunyarsu. Har yawan kwanonin ana lissafa shi: takwas abin so ne don sautinsa ya yi kusa da kalmar arziki, huɗu abin gudu ne don ya yi kusa da kalmar mutuwa.

Mai kallo daga nesa zai ce wannan duk camfi ne da son kuɗi. Tarihi yana da wata amsa. Tsakanin 1959 da 1961 ƙasar Sin ta faɗa cikin yunwar da ta hallaka miliyoyin mutane masu yawan gaske, a sakamakon shirin Mao na tara manoma cikin gandayen gwamnati da gaggauta gina masana'antu. Daga 1955 har zuwa 1993 mutumin birni ba ya sayen hatsi sai da tikitin rabo. Tsofaffin da ke zaune a kan tebur a yau sun ga zamanin da nama da farin garin alkama ba sa shiga gidan talaka sai da buki, ana tattalin tikitin wata da watanni don a samu na jawzin dare ɗaya. Har yanzu tsoho kan gai da maƙwabcinsa da tambayar ko ya ci abinci. Wanda iyayensa suka ba shi labarin farin 1973 da na 1984 zai gane cewa mutanen da ke barin rabin kifi ya kwana, tsoron rumbu wayam ne ya koya musu.

Sai dai fatan arziki ma yana da tsada. A Gwandon da Hon Kon an daɗe ana dafa wani baƙin tsiro mai kama da gashin kai, ana haɗa shi da busasshiyar kawa, domin sunansa fatsai ya yi daidai da kalmar yin arziki. Tsiron yana fitowa ne a busassun filayen Ningsha, Gansu, Cinhai da Mongoliya ta Gida, kuma masu tara shi da manjagara suke kartar ƙasa, su tuge ciyawa har saiwa, iska ta kwashe abin da ya rage. Don a cika kwanon mai fatan arziki a kudu, makiyayin arewa ya rasa makiyaya. A shekara ta 2000 gwamnatin Sin ta haramta tara shi da sayar da shi. Mazaunin bakin hamada ya san sunan irin wannan riba: ci gaban mai haƙan rijiya. Haka kuma da wadata ta zo, barin saura ya tashi daga rabin kifi ya koma tebur guda ana zubarwa, har magabata suka shiga kamfen ɗin cinye abin da ke faranti a 2013, suka kuma kafa dokar hana almubazzaranci da abinci a 2021, wadda ta ba gidajen cin abinci damar cajin wanda ya bar tuli.

Ɗan kasuwar da ke zuwa Gwanzu, ko ma'aikacin da ke hulɗa da Sinawan matatar man Damagaram da aka buɗe a 2011, yana iya samun gayyata, kuma gayyatar girmamawa ce babba. Abu na farko da ya kamata ya sani: naman da Basine ke nufi in ya ce nama kawai, na alade ne, shi ake cusa wa yawancin jawzi, kuma ana sa giyar shinkafa cikin girki, har a kan kifi da kaza. Faɗin haka ga mai gida tun kafin ranar ba rashin ladabi ba ne. Sinawa sun san Musulmi: ƙabilar Huwai kaɗai ta haura miliyon 11 a ƙidayar 2020, jawzinsu na naman rago ne ko na sa, gidajen abincinsu kuma na ɗauke da alamar cinjan, wato halal. Baƙo ya riƙo lemu bibbiyu a matsayin tsaraba. Kada ya ba da agogo, domin ba da agogo a harshensu ya yi kama da rakiyar gawa. Kada kuma ya kafa tsinkayen cin abinci tsaye cikin shinkafa, don haka ake kafa turare ga mamaci.

Akwai kuma wata al'ada da ta shafi aljihu kai tsaye. Basine na son ya shiga sabuwar shekara ba bashi a kansa, ba kuma nasa a kan kowa. In abokin ciniki ya matsa a biya shi kafin bukin, ma'aikatansa ne ke jiran albashi da kuɗin mota, ga jan ambulan na kuɗi da yara ke jira a ƙauye. Wanda ya biya da wuri, ya kuma aika da gaisuwar buki, ya sayi amana da araha. Wanda kuma ke son hajarsa ta iso kan lokaci, ya duba kalandar Sinawa tun watan Nuwamba, domin ba a fafe gora ranar tafiya.