Ra'ayinmu: Kaza Ɗaya, Tukunya Uku

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, nama ya zama baƙo a gidajen malamai da dama. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a 2024, amma kafin kuɗin su iso hannu kasuwa ta riga ta ci rabonta. Duk da haka, ba mu yarda cewa iyalinmu ba za su ga kaza ba sai ranar Sallah ko suna.

Abin da ke cinye kuɗi shi ne suya. Kazar da aka tsoma a man gyaɗa zama ɗaya ake tashi da ita, ga kuɗin mai a kai. Wadda aka saka a tukunya kuwa tana iya kwana uku tana aiki. A nemi tsohuwar kazar Hausa wadda ta daina ƙwai, a kasuwar Sara ko wajen maƙwabta. Namanta da tauri, amma romonta ya fi na kajin gidan gona nesa ba kusa ba. A dafa ta da albasa, citta da daddawa. Ranar farko romo da wuya da fukafukai su shiga miyar kuka. Washegari a zare tsokar ƙirji a watsa cikin dafa-duka ko dambun zogale. Cinyoyi da ƙasusuwa su jira taushen kabewa. Tunda wutar lantarki ba abar dogaro ba ce, a tafasa abin da ya rage safe da dare, a rufe.

Sai maganar da ta fi damunmu, wato rabo. Mun taso mun tarar ana jere wa maigida cinya da ƙundu da hanta, yara kuwa a sallame su da kai da ƙafa. Mu da muke tsayawa gaban allo mun san yaron da ke gyangyaɗi tun kafin tara, mun kuma san ba kullum lalaci ba ne. Jikin da ke girma da uwar da ke shayarwa sun fi mu buƙatar tsokar nan, musamman hanta mai ƙara jini. Ba raina maigida ba ne a fara zuba wa ƙanana. Yawancin masu rubuta wannan shafi ma magidanta ne.

Wanda ke da ɗan fili a bayan ɗaki ya ajiye kaji biyar ko shida. Ya dai yi musu rigakafi kafin hunturu ya kama, domin lokacin ne annoba ke share akurki.