Kafin Mu Zuba Wa Sa Dusa, Mu Tuna Da Tumbinsa

'Yan'uwa masu kiwo, kowace shekara idan salla ko Kirsimeti ta gabato, mukan ga mutum a Tudun Wada ya sayo ramammen sa, ya ɗaure, ya cika masa daro da dusa da tsabar masara don ya yi ƙiba da wuri. Bayan kwana biyu sai sa ya daina tuƙa, ya kama zawo, wani ma ya kwanta sai wuƙa. A ganinmu yawancin wannan hasara gaggawa ce ke jawo ta.

Cikin saniya kashi huɗu ne, babbansu shi ne tumbi. A cikinsa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani. Su ne ke narkar da ciyawa da kara, saniya kuma ta rayu da abin da suka sarrafa. Idan tsaba ta shiga da yawa farat ɗaya, tumbi yakan yi tsami, masu narkar da ciyawar su mutu. Tuƙa ce ke kawo yawu mai kashe tsamin nan, amma dusa ba ta sa tuƙa. Ciyawa da harawa ke sa ta.

Da rani kuma wata matsala ce. Busasshiyar ciyawa da karan dawa ba su da abin gina jiki isasshe, don haka halittun nan sukan raunana. Saniya tana ci, ciki a cike, amma tana ramewa. Harawar wake ko ta gyaɗa, ko 'yar angurya, ita ce ke farfaɗo da su. Saboda haka kada mu sayar da harawarmu duka da kaka.

Shawararmu ita ce: a fara ba da ciyawa da safe, dusa ta biyo baya. A soma da kaɗan, ana ƙarawa har mako 2 zuwa 3. A ajiye ruwa da gishiri kullum. Da farkon damina a ba su busasshen abinci kafin su fita kiwon sabon tsiro, don gudun kumburin ciki. A kuma tsince leda daga garke, gama ba ta narkewa, sai ta dunƙule a tumbi.

Cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI tana nan Shika tun 1976, ba nisa. Mu je mu yi tambaya kafin mu zuba jarinmu.