Wa Zai Ce An Kula da Shi? Jami'an Walwala da Masu Ciwon Daji 'Yan Asalin Ostiraliya

'Yan asalin ƙasar Ostiraliya, wato Aborijin da mutanen tsibiran Tores, ba su kai kashi 4 cikin 100 na al'ummar ƙasar ba, amma alƙaluman hukumomin lafiya sun daɗe suna nuna cewa ciwon daji ya fi yi musu ɓarna. Akan gano cutar a jikinsu bayan ta yi nisa, kuma ko an gano ta, sun fi sauran jama'a rasa magani ko katse shi. Wannan na faruwa a ƙasar da ke da ƙwararrun likitoci da na'urori na zamani da tsarin inshorar lafiya na kowa da kowa. Ke nan matsalar ta wuce rashin kayan aiki. Tana cikin abin da ke wakana tsakanin majinyaci da asibiti, daga ranar da aka faɗa masa sunan cutarsa zuwa ranar da ya koma gida, kuma a wannan fagen ne jami'in walwalar jama'a yake aiki.

Ra'ayin da ake kira aminci ta fuskar al'ada daga maƙwabciya Niyu Zilan ya taso. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar ƙabilar Mawori, Irihapeti Ramsden, ita ce ta assasa shi a ƙarshen shekarun 1980 da sunan kawa whakaruruhau, kuma a 1992 hukumar ma'aikatan jinya ta ƙasar ta shigar da shi cikin manhajar horarwa. Abin da ya bambanta shi da koyar da "al'adun wasu" shi ne wurin da ya ajiye ma'auni. A wurin Ramsden, majinyaci ne kaɗai yake da ikon cewa kulawar da aka yi masa ta aminta da shi ko ta ƙasƙantar da shi. Aikin ma'aikaci shi ne ya fara duban tasa al'adar da kuma ikon da farar riga ta ba shi. Ra'ayin ya jawo ce-ce-ku-ce a kafafen watsa labaran ƙasar cikin shekarun 1990, inda wasu suka zarge shi da cusa siyasa a ilimin jinya. Zargin yana da ɗan ƙamshin gaskiya, domin kuwa maganar iko ce, sai dai ikon yana nan a ɗakin jinya tun kafin Ramsden ta ambace shi.

Yankin Arewacin Ostiraliya, inda 'yan asali suka haura kashi ɗaya cikin huɗu na mazauna, ya isa misali. Kafin a buɗe cibiyar kula da ciwon daji ta Alan Walker a birnin Darwin a 2010, mai bukatar gashi sai dai a kai shi wata jiha, galibi birnin Adeled da ke can kudu. Ko a yau, tsakanin Alis Sifrins da Darwin akwai tazarar kimanin kilomita 1,500. Shi kuwa gashi yakan ɗauki kwana biyar a mako har tsawon makonni. Matar da ta baro ƙauyenta ta bar jikoki a hannun wani, ta bar dangi da ƙasar kakanninta, ta sauka a masaukin baƙi inda ba mai jin harshenta. In aka yi rasuwa a gida, zaman makoki wajibi ne a kanta, kuma yana iya ɗaukar makonni. Idan ta tafi, abin da za a rubuta a katinta shi ne ta bar asibiti ba da izinin likita ba. Wannan jimla guda takan bi ta duk inda ta je, ta sa ma'aikacin gaba ya karɓe ta a matsayin mai taurin kai.

Likita ba shi da lokacin warware wannan, kuma ba horonsa ba ne. Jami'in walwala ne yake neman kuɗin tafiya daga shirin tallafin sufurin marasa lafiya, ya nema wa ɗan rakiya masauki, ya roƙi a sake tsara ranakun magani saboda makoki, ya haɗa taron dangi idan shawarar tiyata ba ta mutum ɗaya ba ce. Kuskuren da asibitoci da dama suke yi shi ne kiransa bayan abu ya lalace, sai majinyaci ya yi fushi ko ya ɓace. Kamata ya yi ya kasance cikin ayarin masu magani tun ranar farko. Jagorar da hukumar kula da ciwon daji ta ƙasar ta fitar a 2018 domin 'yan asali ta nuna wannan hanya, haka ma takardar auna bukatun majinyata da Farfesa Gail Garvey, 'yar ƙabilar Kamilaroyi, ta samar tare da abokan aikinta, wadda ke tambayar majinyaci damuwarsa game da kuɗi da masauki da yadda ma'aikata suke yi masa magana.

To amma akwai wani ƙulli da masu goyon bayan wannan sana'a ba su cika son tsayawa a kai ba. A idon iyalai da yawa na Aborijin, "jami'in walwala" shi ne mutumin da ya zo ya ɗauke yara. Rahoton da aka gabatar wa majalisar ƙasar a 1997 ya tattara shaidar yadda hukumomi da mishan suka raba dubban yara da iyayensu, tun daga farkon ƙarni na 20 har cikin shekarun 1970, kuma sai a ranar 13 ga Fabrairu, 2008 Firayim Minista Kevin Rudd ya nemi gafara a madadin gwamnati. Waɗanda aka ɗauke suna ƙanana su ne dattawan da ke kwance a sashen ciwon daji a yau. Har yanzu kuma yaran 'yan asali sun fi sauran yara nesa ba kusa ba fuskantar haɗarin hukuma ta raba su da gidajensu. Uwar da aka tambaya, "Wa yake kula da yaranki yanzu?" tana da dalilin yin shiru. In an bi ta ɓarawo, a bi ta mabi sawu: kafin a zargi majinyaci da ɓoye magana, a dubi tarihin mai tambayar. Saboda haka bai dace jami'in walwala ya shiga shi kaɗai ba. Ya shiga tare da jami'in hulɗa ɗan asali, ya kuma jingina da cibiyoyin lafiya da al'ummar ke gudanarwa da kanta, waɗanda ta farkonsu aka kafa a unguwar Redfan ta birnin Sidni a 1971. Mafi dacewa ma shi ne a horar da 'yan asali su riƙe muƙamin da kansu.

Ɓangaren da zai fi jan hankalin masu nazarin harshe shi ne na tafinta. Lokacin da Turawan Ingila suka sauka a 1788, ana magana da harsuna fiye da 250 a nahiyar, kuma a ƙauyukan arewa har yau Turanci harshe ne na uku ko na huɗu ga mutane da yawa. Wani nazari da Alan Cass da abokansa suka buga a 2002 kan masu ciwon ƙoda 'yan ƙabilar Yolngu a Darwin ya gano cewa rashin fahimta ya yi katutu a hirar ma'aikata da majinyata, kuma sau da yawa babu wanda ya lura a cikinsu. Masaniyar harshe Diana Eades ta yi bayanin wata ɗabi'ar magana da ke ƙara dagula lamarin: mai amsa tambaya yakan ce "e" ga wanda ya fi shi iko don ladabi ko don a rabu lafiya, ba don ya yarda ba. Takardar amincewa da tiyata da aka sa wa hannu da irin wannan "e" ba ta da wata daraja. Sanya ɗan'uwa ya yi tafinta ma ba mafita ba ce kullum, domin akwai dangin da al'ada ta hana su magana kai-tsaye, kamar suruka da mijin 'yarta, akwai kuma cututtukan da ake ɗauka sirrin mata ne ko na maza. Bahaushe da ya san kunyar surukai ba ya bukatar dogon sharhi a nan.

Akwai haɗari a gefe guda, wato a mayar da duk wannan jerin dokoki da ake haddacewa a bitar yini ɗaya: kada a kalli ido, kada a ambaci sunan mamaci, a bar mai maganin gargajiya ya shigo. Mafi yawan 'yan asalin Ostiraliya a birane da garuruwa suke zaune, kuma lauya 'yar Aborijin a Melbon ba ta bukatar a yi mata magana kamar wadda ba ta taɓa ganin asibiti ba. Jerin dokoki yana sake mayar da ma'auni hannun ma'aikaci, wanda shi ne abin da Ramsden ta ƙi.

Hausawa ba sa cikin halin da Aborijin suke ciki, kuma kwatanta su kai-tsaye zai zama zalunci ga tarihin kowa. Alaƙar tana wani wuri. A asibitocin koyarwa na Zariya da Kano da Sakkwato, Hausa ce takan zama harshen mai iko a gaban Bafulatanar ruga ko dattijon da ya zo daga wani ƙauyen kudancin Kaduna. Haka nan kalmomin "ciwon daji" da "sankara" da "kansa" ba nauyi ɗaya suke ɗauka a kunnen majinyaci ba, kuma wadda ma'aikaci ya zaɓa tana iya tura mutum wurin gashi ko wurin mai magani. Murray Last ya rubuta tun 1981, daga bincikensa a yankin Malumfashi, kan yadda mutane suke zaɓar kada su sani game da cuta da magani. Nazarin hirar likita da mai ciwon daji da Hausa, a naɗe ta, a rubuta, a duba inda "to" take nufin yarda da inda take nufin a ƙyale ni, aiki ne da sassan nazarin harsunan Nijeriya suke da horon yinsa, kuma jami'an walwala na waɗannan asibitoci su ne za su fara amfana da shi.